Babi na Biyar: Inda Turanci Ke Yanka Lokaci

Garin Shabu yana kan babbar hanyar da ta fita daga Lafiya ta nufi Akwanga, tafiyar 'yan mintuna daga hedkwatar Jihar Nasarawa. A nan ne Jami'ar Jihar Nasarawa, wadda uwar harabarta ke Keffi, ta ajiye Tsangayar Aikin Gona. Ɗalibin da karatu ya kawo wannan wuri da harsuna biyu yake wuni, sau da yawa ma uku. In ya kira gida, yana iya yin Eggon ko Alago ko Gwandara ko Tiv ko Fulatanci. In ya shiga kasuwa ko ya tsai da ɗan acaɓa, Hausa ce ke haɗa shi da kowa. In kuwa ya shiga aji, ko ya tsaya gaban allon sanarwa, ko ya ɗauki kwalbar maganin feshi a gonar gwaji, Turanci ne ke jiransa.

Ba manyan kalmomin kimiyya ne ke kayar da irin wannan ɗalibi ba. Waɗannan yakan zauna ya haddace su, domin ya san baƙi ne. Ƙanana su ne masu ɓarna: “since”, “for”, “by”, “until”, “in”, “within”, “ago”. Tun yana firamare yake jin su, saboda haka yana ganin ya san su, ba ya ko tsayawa ya dube su. Alhali su ne ke gaya masa ranar da za a rufe biyan kuɗin makaranta, da ranar da ya kamata ya zuba taki, da tazarar da zai bari tsakanin ƙwayar magani da 'yar'uwarta.

Kada mai karatu ya ɗauka Hausa ce ta gaza wajen fayyace lokaci. Muna da shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata da citta: kwana bakwai a jere, kowanne da sunansa. Turanci uku kacal yake da su. In Bature zai ce jibi, sai ya jera kalmomi huɗu, “the day after tomorrow”. Gata da citta kuwa sai dai ya ƙirga da lamba. Muna da bara da bana da baɗi, muna da ɗazu da yanzu da an jima. Matsalar ita ce kowane harshe da inda yake yanka lokaci, kuma wuraren yankan ba sa dacewa. Wanda ya ce zai koyi waɗannan kalmomi ta hanyar nemo wa kowace ɗaya abokiyarta a Hausa, zai daɗe yana tuntuɓe. Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce a bar kalmar tukuna a dubi aikin: yaushe ya fara, ya ƙare ko bai ƙare ba, sau ɗaya ake yin sa ko ɗorewa yake yi?

Turke da igiya

Mu fara da “since” da “for”, domin a kansu aka fi faɗuwa. Akuyar da aka ɗaure tana da turke, tana da igiya. Turke wuri ɗaya ne da aka kafa a ƙasa. Igiya tsawo ce da ake aunawa. “Since” turke take nunawa, wato lokacin da abu ya fara. “For” kuwa igiya take aunawa, wato tsawon lokacin da abin ya ɗauka.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, ta mai da Lafiya hedkwata. Wannan rana turke ce, don haka ake cewa “Lafia has been the capital since 1996.” In kuwa shekarun za ka ƙirga, igiya kake aunawa: “Lafia has been the capital for many years.” Abin da ke bin “since” dole ya zama abin da za ka iya nunawa a kalanda ko a agogo, ko wani lamari da ya faru: 1996, Litinin, ƙarfe bakwai, ranar da aka yi ruwan fari. Abin da ke bin “for” kuwa adadi ne: awa uku, mako biyu, shekara goma.

Me ya sa muke cewa “since three years”? Domin tun ɗinmu mai faɗi ce. Muna cewa tun bara, muna kuma cewa tun shekara uku da suka wuce, duk daidai ne. Ga shi kuma idan Bahaushe zai faɗi tsawon lokaci, sau da yawa ba ya neman wata ƙaramar kalma. Aikatau yi yake ɗauka: na yi shekara uku a Shabu. Babu abin da ya tsaya a madadin “for” a wannan jimla. Da ɗalibi ya zo Turanci, sai hannunsa ya kai ga kalmar da ya fi sabawa da ita, ya manna “since” a ko'ina.

Sarautar Lafiya ta ba mu misalin da ya raba su sarai. Marigayi Alhaji Isa Mustapha Agwai na Ɗaya ya hau karaga a 1974, ya rasu a watan Janairun 2019. Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad na Ɗaya, wanda ya bar kujerar alƙalanci a Kotun Ƙoli, ya gaje shi a watan Maris na 2019. Game da marigayin, cewa za a yi “He ruled for more than forty years.” Game da wanda ya gaje shi kuwa, “He has been Emir since 2019.” Lura da kyau: “for” tana iya auna abin da ya ƙare, tana iya auna wanda ake ciki. Amma in ka ce wani abu yana nan “since” wani lokaci, a maganar yau da kullum kana nufin ya kawo har yanzu.

Aikin da ya kawo yanzu

Wannan ya kai mu ga wata rijiya da ke kusa. Ɗalibi ya tsaya a ƙofar ofis, malami ya iso, sai ya ce masa, “Sir, I am here since morning.” Abin da ke zuciyarsa shi ne, “Allah gafarta Malam, ina nan tun safe.” Hausarsa ba ta da aibi ko kaɗan. Tsarin aikatau na Hausa ya fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana gudana. Zancen yaushe kuwa, sai a bar wa kalmomi irin su jiya da ɗazu da gobe. Tun da tsayuwar tana gudana, ina ce ta dace. Shi Turanci yana da siga ta musamman ga aikin da ya faro a baya ya kawo yanzu, ita ce mai “have been”: “I have been here since morning.”

Akasin haka ma yana faruwa. Na gan shi jimla ɗaya ce a Hausa, amma Turanci ya raba ta biyu: “I saw him” da “I have seen him.” Dokar mai sauƙi ce. Da zarar ka ambaci lokacin da ya riga ya shuɗe, kamar jiya ko bara ko 2011, to “have” ba ta da wurin zama. Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta samu a 2011, don haka “It was established in 2011.” Wanda ya rubuta “I have seen him yesterday” ya haɗa ƙofar da aka rufe da wadda ke buɗe a jimla ɗaya.

“Ago” ma tana cikin wannan gida. Kullum daga inda kake tsaye yanzu take ƙirgawa baya, kuma ba ta shiri da “have”: “I planted the yam three months ago.” Idan kuwa labari kake bayarwa, kana ƙirgawa baya daga wani lokaci da shi kansa ya wuce, “before” ko “earlier” ce ke karɓar aikin. An ƙirƙiri Jihar Filato a watan Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, lokacin da aka raba tsohuwar Binuwai-Filato. Mai ba da tarihin 1996 zai ce “Plateau had been created twenty years before.” In ya ce “twenty years ago”, ya dawo da ƙirgen zuwa yau, lissafi ya rushe.

Rana ba ta ƙarya

A wajen wa'adi ne kuskure ke zama asarar kuɗi. Kalmomin biyu su ne “by” da “until”, kuma ƙasar nan kaf ta ɗanɗani bambancinsu ba da daɗewa ba.

A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce tsofaffin za su ci gaba da aiki zuwa 31 ga Janairu, 2023. Daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 31 ga Janairun nan ɗaya, jimla biyu take ɗauka a Turanci. “The old notes can be spent until 31 January”: wato kashe su abu ne mai ɗorewa, ana ta yi har zuwa ranar, sannan ya tsaya. “Deposit your old notes by 31 January”: wato kai su banki aiki ne na sau ɗaya, yi shi duk ranar da ka ga dama, amma kada ya wuce wannan rana. Duk wanda ya ga layin da aka yi a bankunan Lafiya a waɗancan makonni, da yadda dillalan doya da riɗi suka rasa tsabar kuɗin ciniki, ya san ba wasan nahawu ake yi ba.

To ga ma'aunin. In aikin mai ci gaba ne, kamar jira, zama, barci, buɗewar ofis, “until” ce tasa. Ita ce har ɗinmu. In aikin na yi-ka-gama ne, kamar biya, miƙawa, isowa, kammalawa, “by” ce tasa. Saboda haka ba a cewa “Submit your project until Friday”, sai dai “by Friday”. Ba a kuma cewa “Wait by Friday”, sai dai “until Friday”.

Mutane da yawa suna fassara “by Friday” da kafin Juma'a. Ya yi kusa, amma bai faɗa daidai ba. Kafin Juma'a shi ne “before Friday”, kuma ya fitar da Juma'ar kanta. Ranar Alhamis ce ta ƙarshe. “By Friday” kuwa ta haɗa da Juma'a. Hausar da ta fi kama ta ita ce kada ya wuce Juma'a.

Akwai kuma sai, wadda ke da nata hali. In magatakarda ya ce maka sakamako sai Litinin, Turancinsa da korewa yake zuwa: “The result will not be out until Monday.” Ɗalibi da yawa in sun ga “not until” sukan rikice, su ɗauka ana cewa ba za a yi ba. Za a yi, amma sai ranar. A takardar da ke jikin kwalbar maganin ƙwari ana yawan samun irin wannan gargaɗi, cewa kada a girbe amfanin “until” an cika kwana kaza da yin feshi. Wannan tazara an sa ta ne domin dafin ya ragu kafin abincin ya shiga bakin mutane. Wanda zai fita daga Shabu ya zama malamin gona, shi ne zai karanta wa manomi wannan layi a ƙauye. In ya karanta shi a karkace, tumatir ko wake mai sauran dafi zai isa kasuwa.

Wani abu kuma: a Turancin da muke yi a Najeriya, ana yawan cewa “The meeting will start by 4” da nufin ƙarfe huɗu daidai. Baturen Ingila in ya ji haka, abin da zai fahimta shi ne taron zai fara a ƙarfe huɗu ko kafin nan. Mai son ya ce huɗu daidai, “at 4” zai ce.

Mako biyu, ma'ana biyar

Ɗauki mako biyu ka sa musu ƙananan kalmomi daban-daban a gaba ko a baya, ka ga yadda gona ke sauyawa.

“For two weeks” tsawon mako biyu ne ana abu ɗaya, kamar shanyar rogo. “Two weeks ago” mako biyu ne da suka wuce. “In two weeks”, in ana maganar abin da ke tafe, nan da mako biyu ke nan. Ba gobe ba, ba jibi ba, sai sun cika. “Within two weeks” kuwa a cikin makonnin ne, ko yau ko gobe, muddin dai ba a haura su ba. “After two weeks” bayan sun wuce ne.

Tarkon yana tsakanin “in” da “within”. Tun muna yara aka koya mana cewa “in” ita ce cikin, kamar ruwa a cikin randa. Saboda haka in aka ce “Come back in two weeks”, sai kunnen Bahaushe ya ji a cikin mako biyu, ya dawo bayan kwana huɗu, a ce masa ai lokaci bai yi ba. Cikin ɗin da yake nufi, “within” ce. Wuri ɗaya da “in” ke kusantar cikin namu shi ne idan ana faɗin tsawon lokacin da aiki ya ci kafin ya kammala: “They cleared the farm in two weeks”, sun gama sharar gonar cikin mako biyu.

A gona wannan bambanci yana da nauyi. Akwai maganin ciyawa da ake fesawa kafin tsiro ya fito, wanda umarninsa yakan ce a yi feshin “within” kwana kaza da shuka. Wanda ya karanta shi a matsayin “after” zai jira har masara ta huda ƙasa, sannan ya fesa mata abin da ba a yi domin ganyenta ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da asarar iri da kuɗin magani da wahalar huɗa.

Haka abin yake a kemis da asibiti. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu, haɗin atemita da lumefantirin, sau shida ake shan sa cikin kwana uku: na biyu bayan awa 8 da shan na farko, sannan safe da dare a sauran kwana biyun. Mai jinya yana bukatar ya rarrabe “after eight hours”, wadda sau ɗaya take nufi, da “every eight hours”, wadda ke nufin kowace awa takwas ba fashi. Akwai kuma “every other day”, wadda kan ruɗi mutane saboda “other” ɗin da ke ciki. Ba kullum take nufi ba, ba kuma wata rana can ba. A sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi.

Kan lokaci, da kafin lokaci ya ƙure

“On time” da “in time” harafi ɗaya ya raba su. Ta farko tana tafiya da jadawali: an sa lokaci, an kuma cika shi daidai. Jarrabawar da aka ce ƙarfe tara, aka raba takardu ƙarfe tara, ta fara “on time”. Ta biyu ba ruwanta da agogo; abin da take dubawa shi ne ko an riga wani abu faruwa. Manomin da ya kwashe shinkafarsa daga masussuka kafin hadari ya sauko ya kwashe ta “in time”. Wanda aka kai asibiti kafin ciwo ya ci ƙarfinsa an kai shi “in time”, ko da kuwa tsakar dare ne, ba kuma wanda ya sa masa lokaci. Mutum yana iya makara ga jadawali amma ya tsira: motar da ya kamata ta tashi ƙarfe bakwai ba ta cika ba sai takwas, kai kuma ka iso tasha bakwai da rabi. Ba ka zo “on time” ba, amma ka zo “in time”.

Daren wace rana?

Akwai saɓanin da ya wuce na kalma, ya shiga yadda al'umma ke lissafin yini. A lissafin da muka gada daga Musulunci, rana tana farawa ne da faɗuwar rana, dare ke gaba, yini na biye. Shi ya sa daren salla shi ne daren da in gari ya waye za a tafi idi, daren Juma'a kuma shi ne wanda ke shiga bayan magaribar Alhamis. A Turanci ba haka ba ne. “Friday night” dare ne da ke zuwa bayan an wuni Juma'a, wanda dattijonmu zai kira daren Asabar. In ka fassara wa baƙo daren Juma'a kai tsaye, ka jinkirta shi da kwana guda cur. Abin da za ka ce masa shi ne “Thursday night”.

Agogo ma da nasa. Haruffan nan “a.m.” da “p.m.” daga Latin suka fito, ma'anarsu kafin tsakar rana da bayan tsakar rana. Sai ƙarfe sha biyu ta zama matsala, domin ita ce tsakiyar kanta. Abin da aka saba a kai shi ne “12 p.m.” sha biyun rana ce, “12 a.m.” sha biyun dare. Wanda ya ga “12:30 a.m.” ranar Talata a tikitin jirgi, tafiyarsa a daren da ya biyo yinin Litinin take, in ya bari sai ya ci abincin rana ranar Talata, jirgi ya daɗe da sauka. Saboda gudun irin wannan ne masu rufe rajista a intanet ke son rubuta 11:59 na dare maimakon sha biyu.

Rubutun kwanan wata shi ma a kiyaye shi. Mu da Ingila rana muke fara sawa, sannan wata. Amurka wata take fara sawa. In ka ga 4/5/2025 a takardar Najeriya, 4 ga Mayu ce. A takardar Amurka kuwa 5 ga Afrilu. Mai neman gurbin karatu ko tallafi a waje, ya rubuta sunan watan da haruffa ya huta.

Turancinmu na gida

Ba duk abin da ya saɓa wa Turancin Ingila ne kuskure ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya. A cikinsu akwai Kannywood, akwai “ember months”, wato watanni huɗun ƙarshen shekara, akwai kuma “next tomorrow”, wadda ba komai ba ce illa jibi. Mutanen da harsunansu ke da gajeriyar hanyar faɗin jibi sun ga Turanci ba shi da ita, sai suka ƙera masa. Wannan abin alfahari ne, kuma shaida ce cewa harshen ya zama namu mu ma.

Amma shiga ƙamus ba ta sa kowa ya san magana ba. Ƙamus ɗin da kansa ya nuna cewa ta yankinmu ce. Mai duba takardar WAEC ko NECO, da mai shirya tambayoyin Turanci na JAMB, wanda kowane mai neman jami'a sai ya amsa, daidaitaccen Turanci suke nema. Haka ma “upper week”, da “yesterday night” a maimakon “last night”, da “since” da muke bari ita kaɗai a ƙarshen jimla da nufin tun ɗazu, kamar “I have finished since.” Tsakaninmu kowa ya gane. A takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki kuwa, a rubuta “the week after next”, “last night”, “I finished long ago.” Gwanin harshe shi ne wanda ya san duka biyun, ya kuma san inda kowanne ke shiga.

Akwai ma wuraren da Turawan kansu ba su daidaita ba. In yau Talata ce wani ya ce “next Friday”, wasu za su ɗauka Juma'ar wannan mako, wasu ta makon gaba. “Biweekly” tana iya zama sau biyu a mako, tana iya zama sau ɗaya a mako biyu. Baturen Ingila in ya ce “half seven” bakwai da rabi yake nufi, alhali Bajamushe in ya faɗi irin wannan a harshensa shida da rabi ce. A irin waɗannan wurare tambaya ba gazawa ba ce. Matambayi ba ya ɓata: ka ce a faɗa maka kwanan watan.

Inda Hausa ke riƙe maka fitila

Ba ko'ina ne harsunan biyu ke saɓawa ba. A kan “already” da “yet” da “still”, Bahaushe ya fi masu koyo da yawa sa'a, domin rabon da Turanci ya yi, Hausa ma ta yi shi. Na riga na biya, ko tuni na biya, ita ce “I have already paid.” Ban biya ba tukuna ita ce “I have not paid yet.” Har yanzu ina jira ita ce “I am still waiting.” Hatta ɗan zafin da ke cikin magana ya zo ɗaya. Ba su zo ba tukuna labari ne kawai: “They have not come yet.” Har yanzu ba su zo ba kuwa akwai ƙorafi a ciki, kuma shi ne dai ke cikin “They still have not come.” Wanda ya lura da haka zai daina kallon Hausarsa a matsayin abin da ke hana shi iya Turanci. Ita ce ma'aunin da zai ɗora sabon harshen a kai, ya ga inda suka yi daidai da inda ɗaya ya rinjaya.

Tambayoyi uku

Duk abin da ya gabata ana iya tattara shi a tambayoyi uku da mai rubutu zai yi wa kansa kafin ya zaɓi kalma. Ta farko: lokacin farawa nake nunawa ko tsawo nake aunawa? Ita ke raba “since” da “for”. Ta biyu: aikin ya yanke a baya, ko ya kawo yanzu? Ita ke yanke hukunci tsakanin “I saw” da “I have seen”, ita ke kuma nuna inda “ago” za ta zauna. Ta uku: aikin na sau ɗaya ne mai wa'adi, ko mai ɗorewa ne zuwa wani lokaci? Ita ke raba “by” da “until”, ta kuma taimaka wajen “in” da “within”.

Hanyar sabawa da su ba ta bukatar sayen littafi. Sanarwar da aka manna a allo, saƙon banki a waya, takardar jikin buhun taki da ta kwalbar magani, duk cike suke da waɗannan kalmomi. Ka ɗauki ɗaya kullum, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar lokacin, ka faɗi jimlar da Hausa irin wadda za ka gaya wa mahaifinka a gona ya yi aiki da ita ba tare da ya sake tambaya ba. In Hausar ta fito sarai, ka fahimci Turancin. In ta tsaya maka a wuya, to akwai sauran aiki a wannan kalma.

Idan kuma kai ne mai rubuta wa wasu, musamman a abin da ya shafi kuɗi ko magani ko jarrabawa, kada ka dogara da ƙaramar kalma ita kaɗai. Sa rana, sa wata da sunansa, sa ƙarfe nawa, na safe ko na yamma. Mai karanta takardarka wataƙila Turanci ne harshensa na uku, kuma hakkinsa ne ya san ranar da ake nufi ba tare da ya yi hasashe ba. A babi na gaba za mu koma kan ƙananan kalmomin wuri, inda “in” da “on” da “at” za su sake fitowa da wani aikin daban.